Filin Tambaya da Amsa: Shafin Intanet na Ƙungiyar Unguwa, a Hannun Wa Makullinsa Zai Zauna?

Wasiƙu uku ne suka iso mana a kan magana ɗaya, biyu daga birnin Katsina, ɗaya daga Daura, saboda haka muka haɗa su a wannan fitowa. Ta farko ce ta fi nauyi, kuma ita ce za ta ci mafi yawan filin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar ci gaban unguwa da ke wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina. Shekara biyu ke nan da muka yi karo-karo muka sayi eriya da faifan sola da batura, muka ɗauko intanet daga wani kamfani, muna raba shi ta waifai ga gidaje da shaguna da makarantar Islamiyyarmu, kowa yana biyan abin da aka yanka masa a wata. Yanzu matasanmu sun matsa lamba a buɗe wa ƙungiyar shafin intanet, dattawa kuwa sun ce zauren WhatsApp da muke da shi ya wadatar. Akwai wani yaronmu da ya karanta ilimin kwamfuta, ya ce zai gina mana kyauta. Shin muna da buƙatar wannan shafi? In muna da ita, ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri, domin abin da kuka yi ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba ku kaɗai ba ne a kan wannan hanya. A Kafanchan ta jihar Kaduna gidauniyar Fantsuam ta daɗe da shimfiɗa irin wannan sadarwa ga mutanen karkara, a Kano cibiyar CITAD tana horar da matasa a kan yadda al'umma za ta mallaki sadarwarta, a Afirka ta Kudu kuma mutanen ƙauyen Mankosi suna tafiyar da tasu mai suna Zenzeleni a matsayin ƙungiyar gama kai, da hasken rana kamar yadda kuke yi.

Dattawanku suna da gaskiya a wani ɓangare, kuma bai kamata a rufe zauren WhatsApp ɗin ba. Idan sabis ya ɗauke da tsakar dare, ko za a yi taro gobe bayan la'asar, babu abin da ya kai shi saurin isar da saƙo. Sai dai zaure ne na aro, mai shi yana wata ƙasa, kuma ba ya shawara da ku kafin ya sauya doka. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan sa'o'i shida, kuma a ƙasar nan an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har zuwa Janairun 2022, duk wanda ya ajiye harkarsa a can kaɗai sai da ya ji a jikinsa. Ban da wannan, zaure ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, sanarwar da aka tura wata shida baya ta riga ta nutse ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan biki, kuma baƙon da ke son sanin ko ku su wane ne, ko jami'in ƙaramar hukuma ne ko wani mai niyyar tallafa muku, ba shi da ƙofar shiga. Shafin intanet shi ne allon sanarwarku kuma kundin ajiyarku, wanda abin da aka rubuta a cikinsa yake zama inda aka ajiye shi. Saboda haka amsata ita ce kuna da buƙatarsa, amma ƙarami, mara nauyi, wanda kuma ƙungiya ce ta mallake shi.

Kada ku fara da kwamfuta. Ku fara da takarda da biro a zaman kwamiti, ku rubuta tambayoyin da aka fi tare ka da su a bakin masallaci ko a shago. Ina kyautata zaton ba za su wuce waɗannan ba: nawa ake biya a wata kuma wa ake bai wa, zuwa ina sabis ɗin yake kaiwa, wa za a kira idan ya lalace, yaya sabon gida zai shiga, kuma ina kuɗin suke tafiya. Kowace tambaya ita ce fuska ɗaya ta shafin, kun ga ke nan fuska biyar ko shida sun ishe ku. Tarihin kafuwar ƙungiya da hoton shugabanni suna iya jira, domin wanda sabis ɗinsa ya ɗauke lambar mai gyara yake nema, kuma ya kamata ya gan ta da zarar shafin ya buɗe, ba tare da ya yi ta laluba ba.

A cikin waɗannan fuskoki, wadda na fi bai wa muhimmanci ita ce ta lissafin kuɗi. Zargi ya fi ƙarancin kuɗi saurin kashe karo-karo a garuruwanmu, kuma ka fi ni sanin haka tun da kai ne ke riƙe da littafi. A ƙarshen kowane wata ku rubuta jimillar abin da ya shigo, da abin da aka biya kamfanin da ke ba ku intanet, da abin da gyara ya ci, da abin da aka ware domin sauya batura, tun da batir ba ya dawwama kuma ranar da zai mutu ba ta sallama. Jimilla kaɗai za ku sa. Sunan wanda ya biya da wanda ake bi bashi ya tsaya a littafin ma'aji, domin tona asirin magidanci a gaban duniya zai kore shi, ya kuma kori maƙwabcinsa. Doka ma tana da ta cewa a nan, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai tattara sunaye da lambobin waya alhakin kiyaye su, ta kuma buƙaci amincewar iyaye ko waliyyi a kan bayanan yara. Ku tuna da wannan kafin wani ya ɗora hotunan ɗaliban Islamiyya ranar saukar karatu.

Akwai abin da wasu ke yi wanda ba na ba ku shawarar ku kwaikwaya. Babbar sadarwar al'umma ta yankin Kataloniya a ƙasar Sifen, mai suna Guifi.net, wadda ta faro a 2004, tana da taswira a shafinta da ke nuna inda kowace eriya take, kuma wannan ya taimaka mata wajen bunƙasa, domin mutum yana dubawa ya ga wanda ke kusa da shi ya jona. Halin da muke ciki daban ne. Taswirar da ta nuna rufin da faifan sola da batura suke a kansa jagora ce ga ɓarawo, kuma a jihar da ta sha fama da matsalar tsaro babu hikima a bayyana gidajen da ke da hali. Ku ambaci sunayen layuka ko unguwannin da sabis ke kaiwa, wanda yake son ƙarin bayani ya kira sakatare.

Sai maganar nauyi, wadda masu gina shafuka suka fi sakaci da ita saboda su a babbar kwamfuta suke aiki da intanet mai ƙarfi. Mutanenku da waya za su buɗe shafin, wasunsu da tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, wasu kuma daga kasuwa ko daga tafiya, inda waifai ɗinku bai kai ba, da datar da suka saya da guminsu. Yawancin shafukan zamani fuska ɗaya takan kai megabait 2 ko ta haura, wato gigabait ɗaya zai buɗe ta kamar sau 500. Idan aka tsare fuskar a kilobait 200, wannan gigabait ɗin zai buɗe ta kamar sau 5,000. Abin da ke kawo nauyin galibi hotuna ne, domin hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake yakan kai megabait 3 zuwa 5 shi kaɗai, alhali in an rage girmansa aka matse shi ba zai wuce kilobait 100 ba, kuma ido ba zai ga bambanci a fuskar waya ba. Ku hana bidiyon da ke kunna kansa, ku hana hotunan da ke zagayawa a saman shafi. Ranar da yaron ya ce ya gama, kada ku duba aikin a kwamfutarsa. Ku nemi waya mafi rauni a cikin kwamitin, ku kashe waifai, ku buɗe da data a tsakar rana a waje, ku miƙa wa dattijon da ya fi kowa jayayya, ku ce ya nemo lambar mai gyara. In ya samo ta ba tare da an nuna masa ba, aiki ya yi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce wasiƙarka ta fi nauyi. Shafin intanet yana da makullai uku. Na farko shi ne adireshinsa, wato sunan da ake rubutawa a same shi, wanda haya ake yi ana sabuntawa duk shekara. Na biyu shi ne mazauninsa, wato gurbin da aka kama masa a wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, shi ma haya ne. Na uku shi ne kalmar sirrin da ake shiga da ita a sauya abin da ke ciki. Duk wanda waɗannan uku ke hannunsa shi ne mai shafin, ko da sunan ƙungiyarku ne rubuce a samansa.

Na taɓa ganin yadda wannan ke ƙarewa, kuma ina cikin waɗanda suka yi sakacin. Wata ƙungiya da nake taimaka wa ta samu wani matashi mai yi wa ƙasa hidima, yaron kirki mai himma, ya gina mata shafi mai kyau ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Da sunansa ya yi rajistar adireshin, da imel ɗinsa, da katin bankinsa, mu kuma muka yi ta sa masa albarka, babu wanda ya tambayi komai. Ya gama hidimarsa ya koma garinsu, ya sauya layi. Da shekara ta zagayo, saƙonnin tunatarwa suka riƙa zuwa akwatin da babu mai buɗewa, wa'adi ya cika, ɗan lokacin rangwamen da ake bayarwa shi ma ya wuce, wani da ba mu sani ba ya sayi sunan ya cika shi da tallan caca. Adireshin nan kuwa yana buge a kan takardun ƙungiyar da allon ofishinta. Yaron bai ci amanar kowa ba, mu ne ba mu san abin da ya kamata mu karɓa daga hannunsa ba, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna da dattawan da suka buɗe adireshin suka ga abin da suka gani.

Saboda haka kafin a ɗora ko harafi ɗaya, ku buɗe wa ƙungiya imel nata na kanta, wanda aƙalla mutum biyu daga cikin shugabanni za su iya shiga, ku yi rajistar adireshin da mazaunin da wannan imel ɗin kuma da sunan ƙungiya. In ba ku yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa ba, wato CAC, ku yi ta a matsayin ƙungiya mai amintattu, domin da wannan takarda ce za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, da ita ce kuma za ku kafa hujja idan wata rana aka yi jayayya a kan mallakar adireshin. Ina ba ku shawarar adireshi mai ƙarewa da .org.ng, wanda aka tanada domin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da duk adireshin da ya ƙare da .ng, kuma ana saye ne ta hannun dillalan da ta amince da su, waɗanda ke karɓar naira. Wannan batu na naira ba ƙarami ba ne. Kafin tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400, wanda ke biyan hayar shafinsa da dala ya wayi gari kuɗin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba.

Ku rubuta kalmomin sirrin a takarda, ku sa a ambulan ku liƙe, ɗaya a wurin shugaba ɗaya a wurin ma'aji, kuma duk lokacin da aka sauya shugabanci a sauya su. Ranar sabunta haya ta shiga littafin taro, a riƙa karanta ta wata biyu kafin ta zo. Shi kuma yaron, ku gode masa, amma ina roƙonku ku biya shi wani abu ko yaya yake, ku kuma rubuta yarjejeniya a takarda guda da ke faɗin abin da zai yi da abin da zai miƙa. Aikin kyauta yana da wuyar bibiya, domin kunya za ta hana ka ce wa wanda ya yi maka alheri ya dawo ya gyara. A cikin yarjejeniyar ku sa cewa zai koya wa mutum biyu yadda ake ɗora sanarwa da lissafin wata, kuma ya kyautu ɗaya daga cikinsu ta kasance mace, tun da matan da ke sana'a a cikin gidaje suna daga cikin masu amfani da sabis ɗinku, kuma sun fi sakewa su kai kukansu ga 'yar'uwarsu.

Abu guda da ba ka tambaya ba amma wajibi ne in faɗa: sayar wa jama'a intanet harka ce da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ke ba da lasisi a kanta. Kafin ku bayyana farashinku a fili, ku zauna da kamfanin da kuke saye a wurinsa ku tabbatar yarjejeniyarku ta ba ku damar rabawa, ku kuma nemi shawarar lauya a kan matsayinku.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce a Daura, kuma ni ke rubuta sanarwar ƙungiyar matanmu a shafin da aka buɗe mana. Idan na rubuta kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, a wasu wayoyin sai ta fito da ɗan akwati ko alamar tambaya. Wanda ya gina shafin ya ce in daina amfani da su, ko ma mu koma Turanci gaba ɗaya. Mene ne shawararka?

AMSA: Malama, kada ki daina, kuma kada ku koma Turanci. Matsalar daga ginin take, gyaranta kuma ba ya cin awa guda. Idan alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa ma'ana ke fitowa, to ba a saita shafin ko rumbun bayanansa a kan tsarin UTF-8 ba, wanda shi ne tsarin da ke ɗauke da haruffan harsunan duniya, har da namu masu lanƙwasa. Idan kuwa akwati ne ke fitowa, ko harafin ya fito da wata kama daban da ta 'yan'uwansa, to salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da waɗannan haruffa. Ki ce masa ya sauya zuwa Noto Sans na kamfanin Google, ko Andika ko Charis na ƙungiyar SIL, dukkansu kyauta ne kuma suna da ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana. A wayarki kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa, sai ki ƙara ta a cikin harsuna.

Ke malama ce, kin san lanƙwasar nan ita ke raba baƙi da baki, ta raba ƙafa da kafa, kuma yaran da ke karanta sanarwarku daga gare ta suke koyon yadda ake rubuta harshensu. Tun da Daura maƙwabciyar Nijar ce, kuma akwai 'yan'uwa a wajen Damagaram da za su iya karanta ku, ki sani cewa su suna rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, saboda haka a tabbatar salon da aka zaɓa yana nuna shi ma. Idan kuna son baƙi masu tallafi su fahimce ku, fuska ɗaya ta Turanci da ke bayyana ko ku su wane ne ta isa. Ga iyayenmu da ba su karanta boko ba kuwa, ki riƙa ɗaukar muhimmiyar sanarwa da murya ki ɗora kusa da rubutun. Magana ta minti ɗaya, in an matse ta daidai, ba ta wuce kilobait 250, sai dai a bar mai sauraro ya danna da kansa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina, kuma unguwarmu ta ɗora mini gina shafin sadarwarmu. Da WordPress zan yi ko in rubuta da hannuna? Kuma zai yiwu shafin ya riƙa buɗewa ko da intanet ɗin waje ya yanke?

AMSA: Ɗana, ka zaɓi abin da wanda zai gaje ka zai iya riƙewa. Shafin da ka rubuta da hannunka zai fi sauƙin nauyi da wuyar kutse, amma duk sanarwar da za a sauya sai an nemo ka, kai kuma karatu za ka gama ka tafi hidimar ƙasa. WordPress, shiryayyen tsarin gina shafukan intanet wanda ya fito tun 2003 kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya suke kansa, yana bai wa sakatare damar ɗora rubutu daga wayarsa, kuma samun wanda ya iya shi a Katsina ba wuya. Sharaɗinsa shi ne ka ɗauki siga mara nauyi, ka taƙaita ƙananan manhajojin da ake liƙa masa, domin ta nan masu kutse suka fi shigowa, ka riƙa sabunta shi, ka kuma ajiye kwafinsa duk wata a wani wuri daban da mazauninsa. Takardar tsaron da ke sa adireshi ya fara da https kyauta ake samunta daga Let's Encrypt, kuma yawancin masu ba da hayar mazauni suna sabunta ta da kansu, kada ka sa unguwa ta biya kuɗi a kanta.

Tambayarka ta biyu ta faranta mini rai, kuma amsarta ita ce zai yiwu. Tun da eriyoyin naku ne, wayoyin da ke kan waifai ɗinku suna iya magana da wata kwamfuta da ke cikin unguwar ba tare da sun fita waje ba. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda cin wutarta bai wuce wat 15 ba, tana iya zama kusa da baturanku ta riƙe kwafin shafin. A ranar 14 ga Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkoki da dama sun tsaya a ƙasar nan, amma abin da ke cikin irin wannan kwamfuta da ya ci gaba da buɗewa ga duk wanda ke unguwar. Kana iya ƙara mata manhajar Kiwix, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa, tare da littattafan karatu waɗanda masu su suka yarda a raba.

Sai dai ka bi abin daki-daki. Ka fara gama shafin waje, ka miƙa makullansa ga shugabanni a gaban taro, a rubuta a littafi cewa an karɓa, sa'an nan ka juya ga na cikin gida. Idan ka kafa ƙaramar kwamfutar, ka sa ta a akwati mai iska nesa da rana saboda zafin bazara da ƙurar hunturu, ka rubuta yadda ake kashe ta da kunna ta da Hausa a takarda, ka liƙa a jikin murfin akwatin daga ciki.